Wanda Ya Bar Giya, A Wace Majalisa Zai Zauna?

A watan Fabrairun 2022 hukumar Hisbah ta jihar Kano ta tara kwalaben giya kusan miliyan 4 a wani fili a bayan gari, ta sa katafila ta bi ta kansu, jama'a na kabbara. Ba shi ne karon farko ba, don a ƙarshen 2020 ma an fasa kusan miliyan 2. Duk sanda aka yi irin wannan sai gardama ta kaure a rediyo da Facebook. Wasu su ce an ɓarnatar da dukiyar 'yan kasuwa, wasu su tambayi dalilin da ya sa jihar ke karɓar kasonta na harajin kayayyaki alhali da kuɗin giya a ciki, wasu su ce doka ce, wanda ya shigo gari ya bi dokar gari. Tambayar da ke damuna ba ta cikin waɗannan. Kwalba miliyan 4 ba don ado aka yi lodinta ba. Akwai bakunan da ke jiranta, kuma cikin masu bakunan nan akwai wanda in gari ya waye bai samu ba hannunsa zai kama rawa har ya kasa riƙe kofin shayi. Shi wannan mutumin me muka tanadar masa?

Amsar da muka saba ba kanmu ita ce ai ba namu ba ne. Giya ta 'yan Sabon Gari ce, ta baƙi ce, ta barikin soja ce. Amma wanda ya taɓa ratsa kasuwar mami da daddare, ko ya leƙa otal-otal ɗin nan na bakin gari da ake kai mota can baya inda ba a ganin lamba, ya san akwai hula zanna bukar a wurin, akwai shadda mai maiƙo, kuma Hausar da ake yi a teburan nan ba ta koyo ba ce. Ga kuma ta leda, 'yar ƙarama mai arha da ke shigewa aljihun ɗan acaɓa da lebura, wadda hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinta a farkon 2024 aka yi ta kai ruwa rana da kamfanoni. A Jos akwai goskolo da ta lalata samari ba adadi. A ƙauyuka da yawa akwai burkutu ranar kasuwa. Musulmi na sha a ɓoye, Kirista na sha a fili ko a ɓoye gwargwadon tsananin cocinsa, hanta kuwa ba ta tambayar addinin mai ita.

Abin da muka tanada sananne ne. Akwai wa'azi, kuma ba mu da ƙarancinsa. Akwai bulala 80 a jihohin da suka koma kan shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999. Akwai rubutu da tofi da ruƙiyya. Akwai shawarar nan ta gwaggo, a yi masa aure zai natsu, wadda sau da yawa ƙarshenta 'yar mutane ce ke kwana wankin amai. In abin ya gagara sai gidan mari, kuma kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019: mutane sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon duka. Ba a daɗe ba aka bankaɗo wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Wanda ya fi sa'a akan kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, a kwantar da shi makonni, ya murmure, ya yi kumatu, ya dawo gida da carbi a hannu.

Duk hanyoyin nan suna da ranar ƙarewa. Wa'azi na ƙarewa da an shafa fatiha, bulala 'yan mintoci ce, asibiti na sallama. Jarabar giya kuwa ba ruwanta da takardar sallama.

Akwai wani ɗan'uwanmu, makaniken manyan motoci, da aka yi wa wannan hidimar daga farko har ƙarshe. Ranar da ya dawo daga asibiti aka yi taron dangi a zauren Baffa, aka sa shi ya dafa Alƙur'ani. Baffa ya ce, "To ka dai ji, ka rufa mana asiri ka rufa wa kanka. Daga yau kada in sake jin an gan ka da mutanen nan." Ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu Baffa, an daina." Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Matsalar ita ce mutanen nan da Baffa ke nufi su ne duk abokan da ya mallaka a duniya. Shekara da shekaru in an tashi daga gareji wurinsu yake nufa. Su suka fara jin labari da aka yi masa haihuwa, su suka haɗa masa kuɗi da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Majalisar unguwa kuwa, ta masu mutunci, in ya yi sallama ana amsawa, a matsa masa a benci, sai hira ta yi sanyi, wani ya tuna yana da uzuri. Wani ma in sun yi musabaha sai ya ɗan matso da hanci. Bayan Isha'i ba shi da wurin zuwa sai ɗaki, shi da silin. Bai kai babbar salla ba ya koma. Da yayarsa ta tsare shi tana kuka, abin da ya iya ce mata shi ne, "Yaya, su can ko ba komai ba sa sunsuna na."

Mun raba shi da majalisa, ba mu ba shi wata ba. Wannan giɓin ne nake ganin ya kamata mu daina kawar da kai daga gare shi, kuma akwai waɗanda suka shekara 90 suna cike shi da hanya mai sauƙi ƙwarai: mashayan da suka daina su riƙa haɗuwa a kai a kai, su kaɗai, suna riƙe juna.

Kafin nan yana da kyau a san abin da ake faɗa da shi. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta gyara zama a kan giyar. Giya na danne jijiyoyi, jiki kuma sai ya ƙara ƙaimi don ya daidaita, ranar da aka janye giyar ƙaimin na nan babu abin da ke danne shi. Daga nan rawar hannu ke zuwa, da gumi, da faɗuwar gaba, da rashin barci. Wannan kashin kwanaki ne, likita na iya fitar da mutum daga cikinsa. Kashi na biyu shi ne mai tsawo. Hanyar da ya saba bi, lokacin da ya saba zama, ranar albashi, cacar baki da uwargida, kai ko ƙarar buɗe kwalbar lemo, kowanne na iya tayar masa da abin bayan watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma mutum miliyan 209 ne jarabarta ta riƙe. Ba za a ce duk waɗannan ba su taɓa jin nasiha ba.

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Watanni biyar ke nan rabonsa da giya bayan ta kusa kai shi kabari. Yana tsaye a falon otal, yana jiyo hayaniyar mashaya daga can gefe, sai abin ya taso masa. Ya nufi wayar tarho ya kama neman wani limamin coci, kuma abin da ya roƙa shi ne a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar, sai ga shi sun kwashe sa'o'i. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda ake lissafawa a matsayin ranar da likitan ya yi kurɓar ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ko AA a taƙaice, wato mashayan da ba a bayyana ko su wane ne. Yau tana da mambobi wajen miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180.

Abin lura a labarin nan shi ne Bill don kansa ya je, tsoron komawa ne ya kai shi. Likitan ya riga ya sha nasiha daga matarsa da abokan aikinsa da masu addini, kowa na magana daga sama. Wannan ne karon farko da wani ya zauna kusa da shi a matsayin mai buƙatarsa, mai ba da labarin ƙarya da ɓoye kwalba da alkawarin safiya irin nasa sak. Bahaushe ya ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Zaman kansa ba wani abin mamaki a cikinsa. Ɗaki ne da kujeru, galibi awa ɗaya, wani lokaci da shayi. Mai jagoranta shi ma mashayi ne da ya daina, kuma karɓa-karɓa ake yi, babu shugaba na dindindin. Mai magana zai faɗi sunansa na farko kawai, ya ce ni mashayi ne, sannan ya faɗi yadda makonsa ya kasance: bikin da ya je ya ga ana sha a bayan mota ya yi sauri ya bar wurin, bashin da ya fara biya, daren da ya kusa faɗuwa. Ba a katse shi, ba a yi masa fatawa, wanda zai biyo baya shi ma labarin kansa zai bayar. Sabon zuwa in ya ga dama ya yi shiru har a tashi. Babu rajista, babu kuɗin shiga. Akan zagaya da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya samu don haya da shayi, kuma ƙa'idarsu ce ba sa karɓar kuɗi daga waje, ko na gwamnati ko na attajiri. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son ya daina. Ko jiya ya sha, yau yana da kujera. Akwai zaman da aka buɗe wa kowa, har dangi da masu son gani, akwai kuma wanda sai mai ciwon kaɗai.

Abu biyu suka fi burge ni. Na farko, ba a sa kowa rantsuwar har abada. Yau kawai ake magana, gobe in ta zo a sake ɗaura niyya. Ku kwatanta da dafa Alƙur'anin da muke sa su. Ranar da mutum ya zame ya zama mashayi kuma mai karya rantsuwa, kunya ta ninku, ba zai iya tunkarar kowa ba, sai ya ƙara nutsewa. A can kuwa wanda ya zame zai dawo ya ce na sha ranar Asabar, a ce masa sannu da dawowa, ya fara ƙirga daga ɗaya. Na biyu, kowane sabo akan so ya zaɓi wani da ya riga shi dainawa ya zama madogararsa, mutumin da zai iya buga wa waya ƙarfe 2 na dare ya ce abin ya taso. Wane likita ne zai ɗauki wannan wayar? Wane baffa?

Ba labarin baka kaɗai ba ne. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara nazari 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta gano cewa tsarin da asibiti ke bi ya haɗa majinyaci da tarukan AA ya kai sauran hanyoyin jinya da aka yarda da su, wajen dainawa gaba ɗaya ma ya fi su: bayan shekara guda kimanin 42 cikin 100 ba su sake sha ba, a ɗaya ɓangaren kuwa 35 ne, kuma da rangwamen kuɗin jinya. A karanta adadin da idon basira. Fiye da rabi sun zame cikin shekarar, kuma yawancin binciken a Amurka aka yi shi. Wannan ba laya ba ce. Amma da masana suka bi diddigin abin da ke sa ya yi aiki, babban abin da suka riƙa cin karo da shi shi ne canjin abokan zama. Najeriya kuma ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 200 da likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kawai, wasu ma kullum suna haɗa jaka. Ko mun so ko mun ƙi, asibiti ba zai iya raka kowa har gida ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce abin Nasara ne, kuma da gaskiya a ciki. AA ta tsiro ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, tarukanta da yawa a harabar coci ake yi, wasu ma da addu'ar Kirista suke rufewa. Musulmin da ya ji bai natsu da wannan ba yana da hujja. Sai dai a duba matakai 12 da suke bi: ka yarda abin ya fi ƙarfinka, ka miƙa lamarinka ga Allah, ka yi wa kanka hisabi ba sani ba sabo, ka lissafa waɗanda ka cuta ka mayar musu da haƙƙinsu, ka taimaki wanda ke bayanka. Duk ɗan islamiyyar da ya karanta sharuɗɗan tuba zai gane hanyar. Musulmin Amurka a birnin Baltimore sun ga haka, a 1989 suka kafa tasu mai suna Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da sunna. Iran kuma, wadda ba wanda zai zarge ta da son kwaikwayon Amurka, ta karɓi ƙanwar AA ta masu shan ƙwaya, Narcotics Anonymous, a shekarun 1990, yau in ka cire Amurka babu ƙasar da ta kai ta yawan tarukan. Wanda ba ya son a sa addini a ciki kwata-kwata akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, dabarun sarrafa tunani kawai suke koya wa juna. Sunan ba shi ne abin riƙo ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wanda ɗalibin ilmi zai fara kawowa. Ya tabbata a hadisi cewa duk al'ummar Annabi (SAW) ana yi musu afuwa ban da masu bayyana saɓo, wato mutum ya aikata abu da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza da kaza. To ba abin da ake yi a zaman nan ke nan ba? A ganina a'a. Wanda hadisin ya siffanta shi ne na teburin mashaya, mai lissafa kwalaben da ya kwankwaɗa jiya ana tafa masa. Ai wani mutum ya zo wurin Manzon Allah a Ramadan yana cewa na halaka, ya faɗi abin da ya faru tsakaninsa da matarsa da rana a gaban sahabbai, ba a ce masa ya tona asirin kansa ba. Mafita aka nema masa, har ya koma gida da kwandon dabino. Malamai sun daɗe da bambanta mai fallasa kansa da mai neman magani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaman da aka tsara da kyau ma ba ya neman kowa ya zayyana ƙazantar da ya yi dalla-dalla a gaban jama'a. Wannan na tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, sai kuma amini guda da ya zaɓa.

Mu da muke yawan ambaton bulala 80, ban cika jin muna ambaton Abdullahi ba, sahabin nan da ake wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi dariya, wanda aka sha kawowa kan shan giya. Wata rana wani ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi! Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Mutum ne mai faɗuwa yana tashi, kuma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Haramcin ma a hankali ya sauka, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, har Nana A'isha ta ce da abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu taɓa barinta ba. Ranar da hukuncin ƙarshe ya zo, Anas ɗan Malik yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela, aka ce masa fita ka zubar, giya ta gudana a lungunan Madina. Ku lura, majalisar gaba ɗaya ce ta daina rana guda. Ba wanda ya wayi gari ya ga abokansa na can suna sha shi kaɗai ne a ɗaki. Makaniken namu bai samu wannan gatan ba.

Sai maganar tsegumi, wadda ita ce ainihin katangar. A garin da kowa ya san babur ɗin kowa, da an ga naka a ƙofar wani ɗaki duk Talata zance ya gama gari, kuma mai 'ya'ya mata yana tuna ranar da za a zo binciken aure. Ga tsoron hukuma, don a mazhabar Malikiyya iƙirari hujja ne, har warin giya a baki ma hujja ne. Wannan tsoron ba na banza ba ne, kuma duk wanda zai fara irin zaman nan a garuruwanmu bai yi maganinsa ba, shi da kujeru zai zauna. Dole wurin ya zama inda mutane ke shiga da fita don dalilai iri-iri, kamar asibiti ko makaranta bayan an tashi, ba allo a ƙofa, ba hoto, ba rubuta suna, waya a aljihu. Addini ma yana tare da su a nan. Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane, kuma hadisi ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar nan amana ce. Mashayin da ya buɗe baki a irin wannan ɗaki ya waiga sau goma kafin ya fara.

Inda ni kaina nake da ja da su shi ne mutum ya shekara 20 bai sha ba yana ci gaba da cewa ni mashayi ne. Wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubin ba ne, kuma ban so a liƙa wa mutum tambari har kabari. Na fahimci manufarsu, zunubi na goguwa amma jiki ba ya mantawa, kamar mai ciwon suga da ya daɗe lafiya lau amma ya san abin da kofin zuma zai yi masa. Duk da haka in mun kafa namu ba sai mun kwafi wannan ba. Mutum ya ce ni wane, yau wata kaza rabona da ita, ya wadatar.

Wanda ke karanta wannan don kansa, ko don mijinta, ko don ƙaninsa, ga gargaɗin da ya fi komai muhimmanci. Mai sha kullum da yawa kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana biyu na farko jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu kan ruɗe, zazzaɓi da gumi, suna ganin ƙwari da macizai a bango, suna sambatu. Wannan na kisa. A gidajenmu in aka ga haka, musamman a farkon azumi lokacin da mai sha a ɓoye kan yanke ba shiri, sai a ce iska ce a kira mai ruƙiyya. A yi addu'a, amma a cikin motar zuwa asibiti, kuma wanda ya san gaskiyar abin da yake sha ya gaya wa likita. Akwai magungunan da ake saukar da mutum da su a hankali, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa, akwai kuma waɗanda ke rage sha'awar daga baya. Zaman 'yan'uwa bayan wannan yake zuwa.

Neman zaman kuwa, wuri na farko da za a tambaya shi ne sashen masu shaye-shaye na asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ko ɓangaren ba da shawara na hukumar NDLEA. Shafin AA na intanet yana nuna yadda ake samun tarukanta ƙasa-ƙasa. A Najeriya manyan birane irin su Legas da Abuja aka fi samu, kuma da Turanci. Tun annobar korona a 2020 tarukan da ake yi ta Zoom suka yawaita, kusan kowace sa'a akwai wani da ke gudana a wani wuri a duniya, da Turanci, da Faransanci ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi, da Larabci. Mutum na iya rufe kyamara, ya sa sunan da ya ga dama, ya saurara daga cikin mota ko shago bayan an rufe. Kada a yanke hukunci da zama ɗaya, don wani taron ba daɗi, wani akwai mai surutu da ke cinye lokaci, a gwada wasu. Amma a guji duk inda aka nemi kuɗin rajista, ko ake tallar wani magani, ko akwai oga guda da abin ya zama nasa, ko ake cewa ka jefar da maganin likita, ko ake kulle ƙofa ta waje. Mace kuma mace za ta riƙe ta, kuma a wurinmu gara ma zamansu ya zama daban, don abin da mace mai wannan ciwon ke ɓoyewa ya ninka na namiji. Matan mashaya da iyayensu su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, wanda matar Bill Wilson, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, bayan ta gane cewa dainawar miji ba ta goge abin da shekarun shansa suka bari a zuciyar matarsa.

Duk wannan na mai Turanci da data ne. Makanike da ɗan dako da direban tirela ba za su zauna suna sauraron wani Bature daga Landan ba, ko sun zauna ba zai san mene ne taron dangi a zauren Baffa ba. Sai an yi da Hausa, ido da ido. Ƙa'idar AA da kanta ta ce mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sun isa su kira kansu ƙungiya, kuma a kowane gari akwai dattijon da ya bar giya shekaru da yawa da suka wuce yana sahun gaba a masallaci ko a coci, bai taɓa gaya wa kowa yadda ya yi ba. Irinsa ake nema, ba wata sabuwar ƙungiya mai ofis da mota da taron bita a otal ba. Da an sa alawus a ciki, waɗanda ko warin giya ba su sani ba za su cika ɗakin.

Daga hukuma abin da ake buƙata kaɗan ne. Kwamandojin Hisbah su fito su faɗa a rediyo cewa wanda ya je neman dainawa ba za a tsaya masa a ƙofa ba, kuma ba za a nemi sunan kowa ba. Limamai su riƙa kawo labarin Abdullahi a huɗuba kusa da ayar Ma'ida. Asibitocin nan na Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri su ware ɗaki guda, rana guda, lokaci guda kowane mako, su gayyato waɗanda suka sallama a baya suka tsaya da ƙafarsu, kuma kada a sallami sabo sai ya zauna da su ya karɓi lambar wayar mutum ɗaya. Ma'aikacin jinya ya buɗe musu ɗakin ya koma bakin aikinsa, in sun tashi ya zo ya rufe.